Yadda ake zaɓen jirgin sama na kashin kai: a auna gudunsa, a auna cinsa

Ranar wata Alhamis da la'asar, bayan kasuwar Maigatari ta fara watsewa, wani abokina tun na makarantar allo ya biyo ta ƙauyenmu a hanyarsa ta komawa Gumel. Allah ya buɗa masa a harkar riɗi da zoɓo. Kwantenoninsa ta Legas suke fita, kuma rabin rayuwarsa a kan hanya take ƙarewa. Ya same ni a gindin darbejiya, muka gaisa, aka kawo ruwa. Ko gama sha bai yi ba ya miƙo mini waya. Hoton jirgi ne fari fat, da inji biyu a bayansa.

"Injiniya, duba mini wannan. Dillalin ya ce a ajinsa kaf babu mai gudunsa."

Na ce, "Alhaji, ina da ina za ka riƙa zuwa da shi? Ku nawa? Sau nawa a wata?"

Ya ce ai bai taɓa zama ya lissafa ba.

A Zariya na koyi gyaran jirgi, na kuma shafe shekaru a rumfunan gyara na Kano da Abuja da Legas kafin in dawo gida noma. A tsawon lokacin nan na ga jiragen da aka sayo da ɗoki sun ƙare a gefen fili, taya ta sace, ƙura ta rufe gilashi, tsuntsaye sun yi sheƙa a bakin inji. Abin yana ci mini rai har yau, domin yawancin masu su ba talaucewa suka yi ba. Gudu suka tambaya, ba su tambayi ci ba. Duk wanda ya taɓa riƙon dokin hawan salla ya san kuɗin saye shi ne ƙarami. Harawa da dusa da kanwa da mai kula da shi su ne ke bin mutum shekara da shekaru. Jirgi ma haka yake, sai dai shi harawarsa da dala ake saye. Abin da na faɗa wa Alhaji a zaman nan, da zaman da muka yi bayansa, shi ne na jero a nan.

Mataki na farko: ɗauko tafiye-tafiyenka na bara

Kafin ka kalli hoton kowane jirgi, nemi littafi da biro. Rubuta duk tafiyar da ka yi a watanni 12 da suka wuce wadda da kana da jirgi da shi za ka yi ta: daga ina zuwa ina, mutum nawa, da wane irin kaya, kwana nawa aka yi. Kada ka sa tafiyar da kake burin yi. Wadda ƙafarka ta taka ake so.

Ga nisan wuraren da mutumin Kano ko Jigawa ya fi zuwa, a miƙe ta sama. Kano zuwa Abuja kimanin kilomita 360 ne, daga Dutse kuwa wajen 380. Kano zuwa Legas kimanin 830, daga Dutse wajen 880. Kano zuwa Yamai ko Injamena kusan 700 kowanne. Daga nan sai masu nisa: Jidda kimanin 3,400, Landan kimanin 4,450, Dubai sama da 5,100.

Da muka buɗe littafin Alhaji, sai ga shi cikin kowace tafiya goma, takwas ko tara Abuja ce da Legas, shi da mutum biyu zuwa huɗu. Umara sau biyu a shekara, Dubai sau ɗaya. Ƙa'idar da masu harkar suka daɗe suna bi ita ce ka sayi jirgin da zai ɗauke maka kashi 80 cikin 100 na tafiye-tafiyenka, ragowar ka ɗauki shata ko ka yanki tikiti. Wanda ya sayi jirgin da zai kai shi Dubai ba tsayawa saboda tafiya ɗaya a shekara, to kuɗin zuwa Dubai zai riƙa biya duk ranar da ya leƙa Abuja.

A ƙasan shafin, tara awoyin da za ka yi a sama a shekara. Riƙe wannan adadin da kyau, domin shi zai yanke hukunci a ƙarshe.

Mataki na biyu: ƙirga lokaci daga ƙofar gida, ba daga titin jirgi ba

Daga Gumel zuwa Kano kilomita 120 ne, kusan awa biyu ke nan a mota kafin ka ga ƙofar filin jirgin Malam Aminu Kano. Mutanen Jahun da Kiyawa da Birnin Kudu sun fi kusa da filin Dutse da aka buɗe a 2014, amma su ma sai sun yi tafiyar ƙasa. Idan ka sauka a Ikeja kuma, cunkoson hanyar Apapa na jiranka.

To ina amfanin gudun? A ƙiyasina, daga Dutse zuwa Abuja jirgi mai farfela mai sauri zai yi kimanin minti 50 a sama, ƙaramin jet kuwa minti 35 zuwa 40. Zuwa Legas, mai farfelar zai yi awa ɗaya da minti 40, jet ɗin awa ɗaya da kwata. Tazarar ba ta kai yadda takardar talla take nunawa ba, kuma dalilin a fili yake. A gajeriyar tafiya, wajen rabin lokacin a hawa da sauka yake ƙarewa. A mafi yawan wurare ba a barin jirgi ya wuce gudun kilomita 460 a awa idan yana ƙasa da ƙafa 10,000. Ga kuma masu ba da hannu na hasumiya da za su iya sa ka shawagi ka jira layi. Jet ba ya nuna bajintarsa sai tafiya ta haura kilomita 1,500, inda zai haye can sama ya miƙe ya daɗe.

Na ce wa Alhaji, "Tafiyar da daga zaurenka zuwa ofishin Legas take cin awa biyar, minti 25 za ka rage. Yanzu sai mu ga nawa za ka biya wannan minti 25 ɗin."

Mataki na uku: san ajin jirage, ka fara da tambayar wane mai suke sha

Masu ƙera jirgi da ma'aunin da ake kira not suke faɗin gudu. Not ɗaya daidai yake da kilomita 1.852 a awa, don haka na mayar da komai kilomita.

Aji na ƙasa su ne masu injin fistin, irin na mota. Cirrus SR22T yana kaiwa kilomita 394 a awa, kuma yana da laima da ke sauko da jirgin gaba ɗaya idan an shiga matsala. Mooney Acclaim Ultra yana kaiwa 448. Kuɗinsu da sauƙi idan aka kwatanta, kuma a Amurka su ne abin hawan likitoci da manyan manoma. Amma a nan arewa ba na ba kowa shawarar su. Wani fetur na musamman suke sha mai suna Avgas 100LL, wanda samunsa a Najeriya jan aiki ne. Abin da ake samu a filayenmu shi ne Jet A-1, wato kananzir ɗin jirgi, wanda tun 2024 ma matatar Ɗangote take tacewa a gida. Ƙari a kan haka, waɗannan ƙananan ba a matse iskar cikinsu ba. Gudun nan na Cirrus a tsayin ƙafa 25,000 yake samuwa, inda dole kowa ya sa takunkumin iskar shaƙa. Wanda ya fita daban a ajin shi ne Diamond DA62 na ƙasar Ostiriya. Injinansa biyu irin na dizal ne masu shan Jet A-1, yana gudun kusan kilomita 350, kuma abin da yake sha bai wuce lita 45 zuwa 60 a awa ba. Ga mai zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna da Abuja da rana, abin dubawa ne.

Aji na biyu, wanda ni a ganina shi ya fi dacewa da yawancin attajiranmu, su ne masu farfela da injin tabain. Cikin injin irin na jet ne, kananzir yake sha, amma farfela yake juyawa. Daher TBM 960 na Faransa yana kaiwa kilomita 611 a awa da inji ɗaya, kujeru shida, yana shan kimanin lita 215 zuwa 230 a awa. Pilatus PC-12 NGX na Suwizalan bai kai shi gudu ba, 537 yake yi, amma cikinsa ya fi faɗi nesa ba kusa ba. Yana ɗaukar fasinja takwas ko tara, yana da babbar ƙofar kaya a baya da ban-ɗaki mai ƙofa, kuma yana sauka a titin da ba kwalta. Beechcraft King Air 360 na Amurka inji biyu gare shi, yana gudun 578, yana shan kusan lita 380 a awa. Dukkansu ukun dangin injin PT6 na kamfanin Pratt & Whitney Canada suke ɗauke da shi, injin da yake aiki tun shekarun 1960, kuma babu ƙasar Afirka da za ka je a ce ba a san shi ba. Akwai kuma Piaggio Avanti na Italiya da ke kaiwa 745, wanda ya fi duk 'yan ajin gudu, sai dai ba su da yawa a duniya, kuma jirgin da ba shi da 'yan uwa a kusa kayan gyaransa nisa suke yi.

Aji na uku ƙananan jet ne. Cirrus Vision Jet inji ɗaya gare shi kuma 576 yake yi, wato TBM mai farfela ta fi shi gudu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa sunan jet ba shi ne gudu ba. HondaJet Elite II yana yin 782, Pilatus PC-24 yana yin 815 kuma shi ma yana sauka a titin ƙasa, sai Embraer Phenom 300E na Burazil da ke yin 859. Wannan na ƙarshen shi ne hoton da ke wayar Alhaji. Jirgi ne nagari, ban da abin kushe shi, kuma ya fi shekara goma yana gaba da tsaransa a kasuwa. Sai dai yana shan lita 600 zuwa 700 a awa, kuma sabonsa ya haura dala miliyan 10, ninkin kuɗin TBM ke nan ko kusa da haka.

Sama da nan sai manya. Bombardier Challenger 3500 yana cin kusan kilomita 6,300 ba tsayawa, wato Jidda da Dubai da Landan duk a hannunsa suke. Gulfstream G700 yana kaiwa kashi 93.5 cikin 100 na gudun sauti, kusan kilomita 990 a awa, kuma da aka fito da shi a 2019 dala miliyan 75 aka sa masa. Waɗannan na masu ƙetare teku ne a kai a kai.

Mataki na huɗu: karanta alƙaluman da sharuɗɗansu

Ba ƙarya masu talla suke yi ba, amma kowane adadi da sharaɗinsa a ɓoye a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Mafi girman gudu da mafi nisan zango ba sa haɗuwa a tafiya ɗaya. TBM tana yin 611 a tsayin ƙafa 28,000, tana kuma iya cin kilomita 3,200, amma don ta ci wannan nisan sai an sassauta mata wuta ƙwarai. Saboda haka ka nemi a ba ka gudun da matuƙa suke amfani da shi yau da kullum, da man da ake sha a wannan gudun.

Tambaya ta biyu ita ce wadda dillalai ba sa son ji: idan aka cika tanki fal, kilo nawa ya rage wa mutane da kaya? A TBM kimanin kilo 400 ne, wato manya huɗu da 'yan jakunkunansu, duk da kujeru shida ne a ciki. Ka lissafa wa kowane mutum kilo 100 shi da jakarsa. Idan kuwa dawowar Umara ce, da ruwan Zamzam da dabino da tsarabar iyali, sai ka ƙara. A jirgi, duk kilon da ka ƙara a kaya, daga tankin mai ake cire shi.

Batun Jidda ma yana da nasa. A takarda Phenom 300E yana cin kilomita 3,700, Jidda kuwa 3,400, sai ka ce ai ya isa. Amma tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, jirage suke kewaye sararin samaniyar ƙasar, hanya ta ƙara tsawo. Ga iska da ke iya turo ka baya, ga man ko-ta-kwana da doka ta ce sai ka sauka da shi. A aikace sai an tsaya shan mai a hanya, kuma tsayawa ɗaya tana cinye awa guda, ta shanye ribar gudun.

Sai zafi. Alƙaluman tashi a bakin teku aka auna su, a sanyin digiri 15. Kano tana sama da teku da kusan ƙafa 1,560, kuma a Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40. Iska idan ta yi zafi sai ta yi shara-shara, fiffike ya rasa abin dafawa sosai, inji ya rasa isasshiyar iskar shaƙa. A irin wannan rana jirgin da ke Kano ji yake kamar daga tudu mai tsayin ƙafa 5,000 yake tashi. A takarda PC-12 mita 760 yake buƙata, Phenom kuwa 980, amma da tsakar ranar bazara da cikakken kaya sai an ƙara musu sosai. A Kano da Dutse, inda titin ya kai kilomita 3, wannan ba damuwa ba ne. Inda yake zama damuwa shi ne idan kana da burin share fili a gonarka. Yin hakan sai da izinin hukuma, da shinge saboda shanu da awaki, da magudanar ruwa saboda damina. Kuma da ka yanke wannan shawarar, yawancin jet sun fita daga lissafi, ya rage PC-12 da PC-24 da King Air. Ka sa matuƙin da ka amince da shi ya buɗe littafin jirgin ya lissafa maka tashi a digiri 42, ba a 15 ba.

Mataki na biyar: tuna hazo da hadari

Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan sauko har a daina ganin ƙarshen titi. Jirgin da ya fi kowa gudu ma idan bai ga titi ba juyawa zai yi ya nemi wani fili, don haka na'urorin sauka cikin duhun hazo da ƙwarewar matuƙi sun fi kilomita 100 na ƙarin gudu amfani. Ƙurar kuma tana cin fukafukan cikin inji a hankali kamar sanfefa. Jirgin da ke kwana a arewa yana son a riƙa wanke masa inji a kai a kai, a toshe bakinsa duk lokacin da aka ajiye, a kuma sama masa rumfa.

Da damina kuwa gaskiya jet ya fi. Phenom yana hawa ƙafa 45,000, ya bi ta saman yawancin gajimare, alhali TBM a 31,000 take tsayawa, PC-12 a 30,000. Babban hadari dai kowa kewaye shi yake yi. Kowanne ka zaɓa, kada ka yarda da wanda ba shi da radar yanayi mai lafiya. Je kuma da kanka ka tambaya a filin da za ka fi amfani da shi: ana samun mai kullum? Ƙarfe nawa ake rufewa? Filaye da yawa a ƙasar nan ba sa aiki da dare.

Mataki na shida: raba kuɗin riƙo gida biyu

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan na fi daɗewa da Alhaji. Akwai kuɗin tashi, akwai kuɗin zama.

Kuɗin tashi shi ne wanda ba ka biya sai jirgi ya motsa. Na farkonsa mai. A ƙiyasina, daga Dutse zuwa Legas TBM za ta sha kimanin lita 400, PC-12 wajen 460, Phenom kuwa 800 zuwa 900, domin jet a lokacin hawa ya fi zuƙar mai. Ninka wannan da farashin lita na ranar. Ka ga ke nan minti 25 ɗin nan da ninkin mai ake sayensa, zuwa da dawowa.

Na biyu shi ne asusun inji, wanda sababbin shiga suka fi mantawa. Kowane inji yana da wa'adin awoyi da idan ya cika dole a sauke shi a yi masa garambawul, ko da lafiyarsa lau. Yawancin dangin PT6A awa 3,600 ne wa'adinsu, da binciken ɓangaren wuta a rabin hanya. Na PC-12 NGX ya kai 5,000. A matsayin misali, a ce garambawul ɗin dala 540,000 zai ci. Raba shi da 3,600, ka samu dala 150. To duk awar da ka yi a sama, bashin dala 150 ka ci wa kanka, ko ka ware ko ba ka ware ba. Mai inji biyu kuwa sau biyu. Shi ya sa kamfanoni suke da tsari irin na adashi, ka riƙa zubi kowace awa su kuma su ɗauki nauyin gyaran idan lokaci ya yi: ESP na Pratt & Whitney, TAP Blue na Williams, MSP na Honeywell, ko JSSI mai zaman kansa. Jirgin da ke cikin irin wannan tsari ya fi daraja ranar sayarwa. Bayan waɗannan sai taya da birki da sauran kayan gyara, kuɗin sauka da ajiya na hukumar filayen jirage ta FAAN, kuɗin jagorancin sama na hukumar kula da sararin samaniya ta NAMA, da masaukin matuƙa. Idan jirgin a Kano ko Abuja yake kwana, yana zuwa ɗaukarka a Dutse, wannan zuwan da ya yi wayam ma kai za ka biya.

Kuɗin zama kuwa shi ne wanda yake ci ko jirgin bai ɗaga ba: albashin matuƙa, horon da suke komawa ƙasar waje su sabunta a na'urar kwaikwayon tuƙi, inshora, hayar rumfa, sabunta taswirorin kwamfutar jirgi duk kwana 28, binciken da kalanda ke kawowa ba awoyi ba, ladan kamfanin da ke kula maka da shi, da faɗuwar darajarsa shekara bayan shekara.

Yanzu ɗauko adadin nan da ka riƙe tun farko. A ce, don misali, kuɗin zamanka dala 400,000 ne a shekara, kuɗin tashi kuma dala 900 a awa. Idan awa 400 kake yi, kowace awa ta tsaya maka dala 1,900. Idan awa 100 kake yi, ta koma dala 4,900. Jirgi ɗaya, mai ɗaya, matuƙi ɗaya. Wannan ne ya sa masu harkar suke cewa wanda bai kai awa 200 a shekara ba, shata ta fi masa sauƙi. Don ka kwatanta jirgi da jirgi bisa adalci, raba kuɗin tafiya guda da mutanen da suke shiga a zahiri, ba da yawan kujeru ba.

Kada ka manta kusan duk wannan da dala ake biya. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance wajen naira 460 take, a cikin 2024 ta haura 1,500. A nan kuɗin riƙon jirgi a naira ya ninka, ba tare da jirgin ya canza ko ƙusa ɗaya ba. Alhaji yana da sa'ar cewa riɗinsa dala yake kawowa. Wanda cinikinsa da naira ne, ya sake lissafin a kan farashin dala da ya fi na yau da rabi, ya ga ko zai iya ɗauka.

Mataki na bakwai: wa zai gyara, wa zai tuƙa?

Tambayi inda wurin gyara mafi kusa mai izinin taɓa wannan samfurin yake. Idan amsar Legas ce, madalla. Idan Afirka ta Kudu ce ko Turai, sa kuɗin kai shi da dawo da shi da makonnin da zai yi a can cikin lissafi. King Air ya yi fice a nan saboda makanikai da matuƙanmu sun san shi, har rundunar sojin sama tana amfani da shi. Tsofaffin Hawker 800 da 900 suna da araha a kasuwar na hannu, amma an daina ƙera su tun 2013, kuma araha ba ta ado.

Jirage da dama an yarda matuƙi ɗaya ya ja su. Ni dai ina ba da shawarar biyu, musamman da hazo ko da dare. Batun inji ɗaya ko biyu kuwa, PT6 inji ne amintacce, amma idan hankalin iyalinka ba zai kwanta da guda ba, wannan ma dalili ne da ya isa a saurara.

Mataki na takwas: takardu

Jirgin kashin kai yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, na tashi ba don kasuwanci ba, wanda ake kira PNCF. Da wannan izinin ba ka da ikon ɗaukar kowa a biya ka. A 2024 hukumar ta dakatar da izinin masu jirage da dama, wasunsu saboda yin haya a ɓoye. Idan kana so jirgin ya riƙa shata yana rage maka kuɗin zama, sai ka sa shi ƙarƙashin kamfani mai lasisin jigilar kasuwanci da ake kira AOC, da yarjejeniya a rubuce. Ka kuma warware batun kwastan da rajista, ko ta gida mai lamba 5N ko ta waje, da lauyan da ya san harkar, tun kafin jirgin ya baro inda yake.

Mataki na tara: kada ka yi cinikin biri a sama

An taɓa tura ni wata ƙasa duba wani jet na hannu. Fenti sabo, kujerun fata sababbi, har ƙamshi yake. Da muka zura madubin leƙa cikin inji sai muka ga fukafukan sun zaizaye. Da muka bi littattafan tarihinsa sai muka tarar na shekara biyu babu su. Kafin mu isa, mai sayen ya riga ya tura kafin alƙalami kai tsaye ga dillali, kuma sai da aka yi watanni ana kai ruwa rana kafin ya ga wani ɓangare na kuɗinsa.

Saboda haka ga tsarin. Kafin alƙalami a hannun kamfanin riƙon amana za a ajiye shi, da sharaɗin zai dawo idan bincike bai yi kyau ba. Binciken a wurin gyaran da kai ka zaɓa za a yi shi, ba na mai sayarwa ba. A karanta littattafan jirgin tun daga ranar da aka ƙera shi. A duba awoyin da suka rage wa inji da farfela da ƙafafun sauka, a duba tsatsa idan a bakin teku ya zauna, a tabbatar an cika duk umarnin gyara na dole. Lauya ya bincika ko akwai bashi a kansa, har a rajistar basussukan jirage ta duniya da ke birnin Dublin na ƙasar Ireland. Sannan ka shiga da kanka, da mutanen da ka saba tafiya da su, a yi irin tafiyar da ka saba. Zuwa da kai ya fi aike.

Awoyin Alhaji da muka tara 130 suka kama. Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya ce, "To Injiniya, yanzu mene ne abin yi?"

Muka tsaya a kan zai yi shekara guda yana ɗaukar shata, wani zuwan mai farfela, wani zuwan jet, yana rubuta lokacin da ya bar gida da lokacin da ya isa da abin da ya biya. Littafin yana aljihun motarsa yanzu. Kaka mai zuwa, in Allah ya kai mu, bayan an gama auna riɗi, za mu zauna mu sake tarawa. Idan awoyin sun haura 200, PC-12 da King Air za mu fara dubawa, kuma na riga na gaya masa ni zan je in leƙa cikin injin da idona.